RA'AYI: Jinin da ya ƙi tsayawa, da gwajin awa biyu da Dogon Dutsi da Tibiri ke buƙata

A ɗauki misalin wata mai jego a wani ƙauye na karkarar Matankari. Haihuwar fari ce, ta sauka lafiya, an yi suna, an yi arba'in, har ta koma ɗakinta. Wata biyu bayan haka sai cinyarta ta kumbura cikin dare ɗaya, ba ta faɗi ba, ba ta bugu ba. Kwana biyu kuma wani baƙin tabo mai faɗin tafin hannu ya fito mata a dantse, wani a kwiɓi. Da yake fatarta mai duhu ce, ba kowa ke lura da tabon ba sai ya yi girma. Kumburin da raɗaɗin su ake fara gani.

Kowa a gidan da nasa bayanin. Kaka ta ce ba a gasa ta da kyau ba a wankan jego. Wata ta ce sanyi ne ya shige ta. Maƙwabta suna raɗa cewa mijin ne ke dukanta, magana ta kai kunnen iyayenta, aure ya fara rawa. A ƙasar Arewa, inda bori ke da tsohon tarihi, ba za a rasa mai cewa taɓin iska ne ba. Sai a kira wanzami ya kafa ƙaho don ya fitar da mataccen jini, wurin tsagar ya yi ta tsiyaya har gari ya waye.

Daga nan sai likitar ƙauye, wato CSI. A yi mata allurar rage zafi a ɗuwawu, wurin allurar ma ya kumbura kamar ƙwarya. A tura ta asibitin gunduma, a auna jini a ga ya yi ƙasa sosai, a ce dangi su ba da nasu. Yayanta da ke ci-rani a Abijan ya aiko da kuɗi ta Nita ko Amana. An ƙara leda ɗaya, an ƙara ta biyu, ta uku. Jini ya hau yau, jibi ya sauka. Kowa ya yi iyakar abin da ya sani, amma tambaya guda ce ba a samu hanyar amsa ta ba: me ya hana jinin nan daskarewa?

Misali ne aka kawo, ba labarin wata sananniyar mace ba. Sai dai alamomin da ke cikinsa su ne waɗanda littattafan likitanci suka bayyana a kan wata cuta da ba kasafai ake jin sunanta ba, wato hemofiliyar da ke kama mutum rana tsaka.

Hemofiliyar da aka fi sani ta gado ce. Uwa ke ɗauke da ita, 'ya'ya maza ke fama da ita, kuma tun suna ƙanana take bayyana, sau da yawa ranar kaciya. Yaron an haife shi ne da ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin ruwan jini, waɗanda ke aiki bi da bi har jini ya daskare ya toshe rauni. Masana sun ba sinadaran lambobi, kuma wanda aka fi rasawa shi ne na 8, wanda ake kira Fakta 8. Ta rana tsaka kuwa daban take. Mutum ya rayu shekara 25 ko 70 lafiya lau, an yi masa kaciya, ya cire haƙori, mace ta haihu, ba a taɓa ganin matsala ba. Kwatsam sai garkuwar jikinsa ta ɗauki Fakta 8 nasa a matsayin baƙo, ta ƙera makamin da ke kama shi ya kashe masa aiki. Wannan makami shi likitoci ke kira inhibita, wato mai hanawa. Jiki na ci gaba da samar da sinadarin, mai hanawa na ci gaba da lalata shi.

Shi ya sa ƙarin jini ba ya kawo ƙarshen matsalar. Kada a fahimci maganar a baibai: ledar jini na ceton rai, domin tana maye gurbin abin da ya zuba, kuma wanda jininsa ya yi ƙasa dole a ƙara masa. Amma ɗan Fakta 8 da ke cikin jinin ɗan uwa, ko cikin ruwan jini da aka daskarar, yana shiga jiki mai hanawa zai tare shi. Ana zuba ruwa ne a tulun da ba a gano inda ya huda ba.

Cutar ba ta da yawa, kuma duk mai son a ɗauki maganarsa da muhimmanci dole ya fara da faɗin haka. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Birtaniya tsakanin 2001 da 2003, inda aka samu mutum 172 cikin shekara biyu, kimanin mutum ɗaya da rabi ke nan a cikin kowane miliyan a shekara. Yawancinsu tsofaffi ne da suka haura 70. A ɓangaren mata masu haihuwa, binciken ya ƙiyasta mace ɗaya cikin haihuwa 350,000. Wani babban kundin da ƙasashen Turai suka tara mai suna EACH2 ya ƙunshi mutum 501, kuma 42 daga cikinsu mata ne da cutar ta kama su dalilin ciki ko haihuwa. Kusan rabin masu cutar ba a gano musabbabi ba. Sauran kuwa akan same ta tare da ciwon daji, ko cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita, ko bayan shan wasu magunguna. A wajen masu jego ta fi zuwa bayan haihuwar fari, cikin watanni huɗun farko.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 600,000 a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri. Tibirin jihar Dosso ake nufi, wadda aka cire daga Dutsi ta zama gunduma a 2011, ba Tibirin Gobir ta Maraɗi ba. Idan aka ɗora lissafin Birtaniya a kan wannan adadi, kimanin mutum ɗaya ke nan a shekara, wataƙila ma bai kai ba tunda jama'ar yankin yara da matasa suka fi yawa. A faɗin Nijar mai mutum fiye da miliyan 25, lissafin zai ba da 'yan gomomi.

To don me za a ɓata tawada a kan mutum ɗaya, a yankin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje duk damina, tamowa ke cin yara, ga matsalar tsaro da ta taɓa arewacin gundumar Dutsi? Tambaya ce mai nauyi. Amsarta tana cikin yadda ake gano cutar, domin matakan farko na gano ta su ne dai matakan da ake buƙata ga duk wanda jininsa ya ƙi tsayawa, kuma ba su da tsadar da ake zato.

Ga yadda abin yake. Ana ɗibar jini daga jijiya a zuba a 'yar kwalba mai shuɗin murfi. A cikinta akwai ruwan sitrat da ke hana jinin daskarewa kafin a gwada shi, kashi ɗaya na sitrat ga kashi tara na jini. Idan ba a cika kwalbar zuwa layinta ba, sakamakon zai fito a karkace, kuma wannan kuskure ne da ake yi a manyan asibitocin duniya ma. Sai a saka kwalbar a injin da ke wulwula ta, ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, ruwan jinin mai launin rawaya ya taso sama. Da wannan ruwa ake yin gwaji biyu. A takardun asibitin Nijar ana rubuta su TP da TCA, a Najeriya kuma PT da aPTT. Dukansu ƙirga lokaci ne: a zuba sinadarin gwaji, a danna agogo, a ga sakan nawa ruwan zai ɗauka kafin ya daskare. TCA na mai lafiya yakan tsaya a wajajen sakan 30 zuwa 40, gwargwadon sinadarin da aka yi amfani da shi, kuma kullum ana kwatanta shi da na mai lafiya da aka gwada tare.

Kowane gwaji yana leƙa ɓangare daban na aikin daskarewa, kuma haɗuwar sakamakon ita ke nuna hanya. Idan duka biyun sun yi tsawo, hankali zai tafi ga ciwon hanta, ko dafin maciji, ko yanayin da jiki ya cinye sinadaransa bayan mummunar zubar jini ta haihuwa. Idan TP na daidai, ƙwayoyin toshe rauni da ake kira plaket su ma adadinsu daidai, amma TCA shi kaɗai ya yi tsawo, ga kuma mutum yana zubar da jini, to an taƙaita zargi. Ko dai wani sinadari ne ya yi ƙaranci, kamar a hemofiliyar gado, ko kuma akwai abin da ke hana shi aiki.

A nan ne gwajin gauraye ke shigowa, kuma shi ne zuciyar maganar. Dabara ce mai sauƙi. A haɗa ruwan jinin maras lafiya da na masu lafiya, rabi da rabi, a sake ƙirga TCA. Rabin adadin Fakta 8 ya isa ya sa jini ya daskare a kan lokaci. Don haka idan ƙaranci ne kawai ke damun mutum, ruwan masu lafiya zai cike giɓin, lokaci ya dawo daidai. Idan kuwa akwai mai hanawa, zai afka wa Fakta 8 na masu lafiyar shi ma, lokaci ya ci gaba da tsawo.

Sai dai akwai tarko. Mai hana Fakta 8 ba ya gaggawa. Yana buƙatar lokaci, yana buƙatar ɗumin jiki. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya gauraya ya auna nan take, yana iya ganin lokaci ya dawo daidai, ya rubuta cewa babu mai hanawa, alhali yana nan bai gama aikinsa ba. Ƙa'ida ita ce a ajiye gaurayen a cikin ruwan ɗumi mai zafin digiri 37 na tsawon awa biyu, sannan a sake aunawa, tare da wata kwalbar ta masu lafiya zalla da aka ajiye daidai wannan lokaci don kwatanci. Bayan awa biyun ne gaskiya ke fitowa. Bambancin da ke tsakanin gano cutar da rasa ta sau da yawa bai wuce haƙurin awa biyun nan ba, da kuma ma'aikacin da aka koya wa dalilin jiran.

Me ake buƙata don yin wannan duka? Injin wulwula jini, wanda duk ɗakin gwajin da ke ƙarin jini yake da irinsa. Tukunyar ruwa mai riƙe zafi a digiri 37. Kwalaben gilashi, agogon ƙirga sakan, sinadaran gwaji da ake ajiyewa a firiji, da ruwan jinin masu lafiya, ko dai wanda aka tara daga mutane kimanin 20 aka daskarar, ko na gari da ake sayarwa a kwaɓa da ruwa. Littafin koyar da ma'aikatan gwaji na Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya ya bayyana yadda ake yin aikin da hannu, ana karkata kwalba ana duba lokacin da ruwan ya kama, saboda an san ba kowa ke da injin zamani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jerin muhimman gwaje-gwaje da ta fara fitarwa a 2018 tana sabuntawa, ta saka TP da TCA cikin abin da ya dace asibiti mai ɗakin gwaji ya iya yi.

Duk da haka, a yawancin asibitocin gundumomi na Afirka ta Yamma ɗakin gwaji ya ginu ne a kan zazzaɓin cizon sauro, yawan jini, rukunin jini, tarin fuka da ƙanjamau, domin nan ne kuɗin shirye-shiryen agaji suka fi zuba. Gwajin daskarewar jini ya zama abin manyan birane.

Matakin da ke biye da gwajin gauraye shi kam na babban asibiti ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a kawo shi Geceme ko Dankasari. Sai an auna adadin Fakta 8 kansa, sannan a auna ƙarfin mai hanawa da gwajin Bethesda. Sunan wani gari ne a jihar Maryland ta Amurka, inda masana suka daidaita a kan hanyar, aka wallafa ta a 1975 ƙarƙashin jagorancin Dakta Carol Kasper. A 1995 masana a birnin Nijmegen na ƙasar Holan suka gyara ta don rage sakamakon ƙarya. Ma'auni ɗaya na Bethesda shi ne adadin mai hanawa da ke lalata rabin Fakta 8 na ruwan jinin masu lafiya cikin awa biyu a digiri 37. Wani abin lura shi ne a hemofiliyar rana tsaka lambar ba ta faɗin irin haɗarin da mutum ke ciki. Ana iya samun mai ƙaramar lamba, har da sauran Fakta 8 a jininsa, amma yana zubar da jinin da zai iya kashe shi. Babban ɗakin gwaji ne kuma zai tantance wasu abubuwa biyu da ke kwaikwayon cutar a takarda. Ɗaya maganin heparin ne idan ya gauraya da samfurin. Ɗayan wani mai hanawa ne da ake dangantawa da cutar lupus, wanda ke tsawaita TCA a kwalba, amma a jikin mutum toshewar jijiya ya fi jawowa. Wanda ya rikita su zai yi wa maras lafiya maganin da bai dace da shi ba.

Yanzu a koma ga tambayar mutum ɗaya a shekara. Teburin da zai gano wannan mutum ɗaya ba zai zauna babu aiki ba.

Akwai yaran hemofiliyar gado. Ana ƙiyasta yaro ɗaya cikin kowane maza 5,000 da aka haifa. A gundumomi biyu masu maza sama da 300,000, lissafi na ba da kusan 60, in da duk sun rayu. Alƙaluman Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya sun nuna cewa a Afirka waɗanda aka gano ba su kai kashi 10 cikin 100 na adadin da ake tsammani ba. Sauran su ne yaran da ake cewa kaciya ta zo da ajali, ko cire beli ya yi gardama, ko masu kumburin gwiwa da ake yi wa ɗori shekara da shekaru. TCA guda ɗaya kafin aska ta taɓa yaron da kawunsa ko wansa ya rasu ta wannan hanya zai iya sauya labarin gidan. Su ma waɗannan yara, idan suka fara samun allurar Fakta 8, kusan kashi 30 cikin 100 na masu tsananin cutar jikinsu kan ƙera mai hanawa a kan maganin, kuma da gwajin gauraye da na Bethesda ake gane hakan.

Akwai manoma da makiyaya da kububuwa ke sara a lokacin noma. Dafinta na cinye sinadaran daskarewa har jini ya koma kamar ruwa. A nan ma gwajin da ke ceton rai mai arha ne: a zuba jini kaɗan a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a bar ta minti 20, a karkata, in jinin ya zubo to dafi ya shiga kuma ana buƙatar allurar makari. Aikin da David Warrell da abokansa suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 na daga cikin abin da ya yaɗa wannan gwaji a duniya. Wato ƙasar Hausa ta taɓa koya wa duniya cewa kwalba da agogo kan isa a gane jinin da ba ya daskarewa.

Sannan ga mata masu zubar jini a wajen haihuwa, wanda shi ne kan gaba a abubuwan da ke kashe masu haihuwa a duniya, ga masu ciwon hanta, ga duk wanda za a shiga da shi ɗakin tiyata. Waɗannan su ne aikin yau da kullum na teburin. Mai jegon Matankari za ta ci albarkacinsu ne.

Wani zai ce: ko an gano, ina magani? Gaskiya ne magungunan da ke tsayar da jini a wannan cuta suna da tsadar da ta fi ƙarfin talaka, har da mai kuɗin Yamai. NovoSeven da FEIBA suna kewaye Fakta 8 ne su sa jini ya daskare ta wata hanya. Akwai kuma emicizumab, wanda Japan ta amince a yi amfani da shi a hemofiliyar rana tsaka a 2022. Amma magani kashi biyu ne. Kashi na biyu shi ne kwantar da garkuwar jiki ta daina ƙera mai hanawa, kuma abin da ake farawa da shi a ko'ina a duniya prednisolone ne, wani lokaci a haɗa da cyclophosphamide. Prednisolone na nan a kantunan magani na Dosso da Dutsi a farashin da iyali za su iya. Masu jego musamman sukan warke sarai. Haka kuma tranexamic acid, mai arha, yana taimakawa wajen wasu nau'o'in zubar jinin. Shi ne maganin da babban gwajin WOMAN, wanda aka yi da mata 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya aka wallafa a 2017, ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jinin haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka ba da shi cikin awa uku.

Dole a ja kunne a nan. Prednisolone ɗan gida ɗaya ne da ƙwayoyin da wasu 'yan mata ke saya a hannun masu tallan magani don su yi ƙiba. Yana raunana garkuwar jiki, yana tayar da ciwon suga, yana iya farkar da tarin fuka da ya kwanta. A binciken Birtaniya zubar jini ta kashe kusan mutum 9 cikin 100, amma cututtukan da suka shigo bayan an raunana garkuwar jiki su ma sun kashe adadi makamancin haka. Magani ne da ba a fara shi da zato. Wannan ma wani dalili ne na neman gwajin: likitan da ke da TCA mai tsawo da gaurayen da ya ƙi daidaita a hannunsa yana da hujjar kiran ƙwararren likitan jini a Yamai su yanke shawara tare. Wanda ba shi da komai sai ido ba shi da abin faɗa a waya.

Ko da babu magani ko ɗaya, sanin sunan cutar na hana ɓarna. Za a daina allura a tsoka. Za a daina ba da aspirin, diclofenac da ibuprofen. Ba za a tsaga kumburin da sunan ƙurji ba, ba za a kafa ƙaho ba, ba za a shiga tiyatar da za a iya jinkirtawa ba. Kuma mijin da ake zargi da duka zai samu takardar da za ta wanke shi a gaban surukansa.

Babbar matsalar ita ce hanya da zafi. Fakta 8 na lalacewa da sauri a kwalba, don haka ƙa'ida ita ce a gwada samfurin cikin awa huɗu. Daga Dogon Dutsi zuwa Dosso kusan kilomita 140 ne, zuwa Yamai kuwa kimanin 275 a kan babbar hanya ta RN1. A saka lokacin neman mota, tsayawa a shingaye da zafin watan Afrilu, za a ga cewa jinin da aka ɗiba a Dutsi da safe aka kai Yamai da la'asar ba shi da sauran amfani. Mafi muni, zai iya ba da sakamakon ƙarya, a ce mai lafiya na da ƙarancin sinadari. Mafita biyu ce: ko a ɗauki maras lafiyar da ke zubar da jini a bi da shi wannan doguwar hanya, ko a raba ruwan jinin a nan, a daskarar da shi a firiza, a aika shi cikin kula da ƙanƙara. Ta biyun ta fi sauƙi ga kowa, kuma Nijar ba baƙuwa ba ce a irin wannan aiki. Shekara da shekaru ana aika samfurin ruwan ƙashin baya na masu sanƙarau daga gundumomi zuwa cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, kuma mutanen Dutsi sun san wannan sarai tun annobar 2015 da ta taɓa yankin sosai. Hanyar da ta iya ɗaukar samfurin sanƙarau za ta iya ɗaukar 'yar kwalbar ruwan jini daskararre, idan aka tsara wanda zai karɓa a Babban Asibitin Ƙasa ko Babban Asibitin Kwararru na Yamai, da kuma wanda zai dawo da sakamako ta waya.

Wutar lantarki ma abin dubawa ce. Kowa ya tuna watannin da Najeriya ta katse layin da ke kawo wuta daga Birnin Kebbi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Sinadaran gwaji ba sa jure firijin da ke mutuwa yana tashi. Amma alluran rigakafin yara sun daɗe suna zama a firijin hasken rana a ƙauyuka, don haka an san maganin wannan.

A watan Agustan 2024 gwamnati ta sanar da rage kuɗin ganin likita, kwanciya da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta. Mataki ne da ya sauƙaƙa wa jama'a. Sai dai ragin yana amfanar mutum ne a kan gwajin da ake yi a inda yake. Idan sai ya je Dosso ko Yamai, ko ya tsallaka iyaka zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato kamar yadda mutanen bakin iyaka suka saba, to kuɗin mota, masauki da abincin masu jinya sun ninka abin da aka rage masa. Abin da ya kamata ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya ta jihar Dosso su sa a gaba shi ne TP, TCA da gwajin gauraye su zama aikin kullum a matakin gunduma, da ma'aikata aƙalla biyu a kowane wuri da aka horar, don kada tafiyar mutum ɗaya hutu ta rufe teburin. Makarantun da ke yaye ma'aikatan gwaji, irin su ENSP ta Yamai da ta Damagaram, su ne wurin da za a dasa darasin awa biyun nan tun daga tushe.

'Yan Arewa mazauna waje suna da rawar takawa, kuma sun saba. Ƙungiyoyinsu a Legas, Kwatano, Abijan, Akara da Turai sun gina masallatai da azuzuwa, sun haƙa rijiyoyi, sun sayi motocin ɗaukar marasa lafiya. Dogon Dutsi na da daɗaɗɗiyar hulɗa da garin Orsay na Faransa wadda ta taɓa ayyukan ruwa da noma. Sai dai masu ba da kyauta sun fi son abin da za a ɗauki hotonsa. Injin da aka kawo da biki, ba tare da sinadaran shekara guda ba, ba tare da wanda ya iya gyara shi ba, yakan ƙare a lulluɓe da zane a kusurwar ɗaki. Ƙungiyar da ke son taimakawa ta fara zama da babban likitan gunduma da shugaban ɗakin gwaji ta tambaye su abin da ke akwai da abin da ya rage. Wataƙila amsar ba ta wuce firiza mai aiki da hasken rana, tukunyar ruwan ɗumi, kwalabe masu shuɗin murfi, da alƙawarin sayen sinadarai duk wata uku ba.

Shi kuma yayan da ke Abijan, wanda aka kira cikin dare aka ce ƙanwarsa na buƙatar leda ta uku, ya aika kuɗin, domin ledar na iya zama abin da zai kai ta gobe. Amma ya roƙi wanda ke riƙe da wayar ya gaya wa likita abu uku dalla-dalla: cewa ba ta taɓa irin wannan zubar jini ba a rayuwarta, cewa ta haihu wata biyu da suka wuce, da kuma duk maganin da ta sha ko aka yi mata allurarsa tun daga gida. Sannan ya tambaya cikin ladabi ko an auna TCA, in kuma ya yi tsawo, ko an gauraya an jira awa biyu. In ba a yin gwajin a nan, ya tambayi inda ya fi kusa da ake yin sa, da kuma ko ruwan jinin zai iya tafiya a kula ba tare da an ɗaga ta daga gado ba.